Fensir, Blender ko Automation: Da Wanne Za Ka Ƙera Motar da ke Cikin Kanka?

Kowace unguwa tana da yaron da motarsa ta kara ta fi ta kowa. Shi ke yanka tsohon silifa ya fitar da tayoyi, ya lanƙwasa langa-langa ya yi bodi, har ya ƙulla zare yadda in ya murɗa sanda tayoyin gaba za su juya. Yawancinmu mun watsar da abin tun kafin mu gama firamare. Wasu kuwa bai sake su ba, sai dai ya koma bayan littafin rubutu, daga can ya haye kwamfuta. Yau akwai ɗimbin mutane a duniya, manya da gemunsu, waɗanda hutunsu shi ne ƙirƙiro motar da babu ita. Su raɗa wa kamfani suna, su ba shi ƙasa da shekarar kafuwa, su zana motocinsa ɗaya bayan ɗaya, sannan su zauna su lissafa injin kowacce har faɗin fistan. Ba mai hawa, ba mai saye.

In kai ma kana jin wannan ƙaiƙayin, abin da zai fara tare ka shi ne da me za ka yi aikin. Hanyoyin da aka fi bi uku ne: fensir da takarda, manhajar Blender, sai wasan kwamfuta mai suna Automation, wanda akan haɗa shi da wani wasan, BeamNG.drive. Ma'aunin da nake auna su da shi guda ɗaya ne: a ina kowanne zai tsaya ya yi maka musu? Domin mai ƙirar mota a kai, babban abin da ya rasa shi ne wanda zai ce masa “wannan ba zai yiwu ba”.

Don kada maganar ta tashi a iska, bari mu ƙirƙiri mota ɗaya mu bi da ita ta duka hanyoyin. A ce sunanta Barewa, ƙirar 1985, doguwa mai ɗaukar mutum bakwai da kayansu, wadda aka yi don hanyar Kano zuwa Damagaram: zafi, ƙura, lodi fiye da ƙa'ida, da fetur ɗin da ba kullum kake da tabbacin ingancinsa ba.

Takarda ba ta musu

Wannan ne alherinta, shi ne kuma aibinta. Cikin minti goma za ka iya zana Barewa iri biyar, ka soke huɗu, ba ka kashe ko sisi ba, ba ka jira an kawo wuta ba. Babu wata manhaja da ta kai hannu saurin fitar da abin da ke cikin kai. Shi ya sa har gobe makarantun ƙirar mota da fensir suke fara wa ɗalibi. Jelani Aliyu, ɗan Sakkwaton nan da ya tsara siffar samfurin farko na Chevrolet Volt da aka nuna a Detroit a 2007, zanen gine-gine ya fara karantawa a kwalejin kimiyya da fasaha ta Birnin Kebbi, kafin ya tafi College for Creative Studies a Detroit, ya shiga General Motors a 1994. Hannun da ya iya jan layi ne ya buɗe masa wannan ƙofar.

Amma ka rubuta a ƙasan zanenka cewa injin lita 2 ne, ba turbo, yana ba da ƙarfin doki 400, takarda za ta karɓa ta yi shiru. Ka zana rufin da bai kai ƙugu ba ka ce mutum bakwai za su zauna a ciki, nan ma shiru. Mafi yawan motocin da sababbin shiga ke zanawa, da za a ƙera su, direba sai ya cire kansa ya ajiye a but kafin ya shiga.

Maganin wannan shi ne ka koya wa takardar musu, kuma ba shi da wuya. Na bodi tukuna. Ka yi aiki da ma'aunin 1 bisa 20: motar da tsawonta ya kai mita 4.8 za ta zama santimita 24, ta shige takardar A4 a kwance. Mutum mai tsayin mita 1.7 zai zama santimita 8.5. Yanke shi a kwali, ka yi masa gaɓoɓi a gwiwa da ƙugu, ka zaunar da shi kafin ka ja layin rufi. Masu zanen mota da taya suke awo: a mota irin ta iyali, tsakanin tayar gaba da ta baya akan sami gurbin taya uku da ɗan wani abu, tsayin motar kuma wajen taya biyu da kwata. Gwada da Fijo 504, wadda aka shafe shekaru ana haɗawa a Kaduna tun tsakiyar shekarun 1970: daga tsakiyar tayar gaba zuwa tsakiyar ta baya milimita 2,740 ne, tayar kuma wajen 640. Lissafin ya fita daidai.

Na inji ya fi daɗi, kuma lissafi uku ne kacal ke raba mai ƙira da mai tatsuniya.

Na farko girman inji. Faɗin silinda sau faɗin silinda, sau 0.7854, sau tsawon tafiyar fistan daga sama zuwa ƙasa, sau yawan silinda. In ka yi da santimita, amsar za ta fito a cc. Injin 504 mai lita 2 faɗinsa milimita 88 ne, tafiyar fistan 81, silinda huɗu, sai ya ba ka cc 1,971. Injin Toyota 2JZ da matasa ke ta zuzutawa 86 ne da 86, silinda shida, cc 2,997. Barewa tamu, tunda jan kaya muke so ba gudu ba, sai mu ba ta doguwar tafiya: faɗi 86, tafiya 94, silinda huɗu, cc 2,184.

Na biyu dangantakar ƙarfin murɗa da ƙarfin doki. Ƙarfin murɗa shi ne wanda kake ji a bayanka in mota ta figa daga tsaye, ana auna shi da Nm. Injin fetur da ba shi da turbo yakan ba da tsakanin Nm 80 zuwa 110 a kowace lita, tsofaffi suna ƙasa, na zamani suna sama. Ka ninka ƙarfin murɗa da yawan juyin inji a minti ɗaya, ka raba da 7,120, ka sami ƙarfin doki. Barewa za ta kai wajen Nm 180 a tsakiyar juyi, in ta kai juyi 5,000 ya sauko zuwa kamar 155, wato doki 109. Abin da motar 1985 za ta iya ke nan ba tare da jin kunya ba. Yanzu juya lissafin kan wancan injin na doki 400: lita 2 ba za ta wuce wajen Nm 200 ba, don haka sai ya yi juyi sama da 14,000 a minti.

Nan lissafi na uku ke shigowa, wato gudun fistan: tsawon tafiya a mita, sau 2, sau juyi, a raba da 60. Ƙarfe yana da iyakar abin da zai jure, kuma iyakar tana wajen mita 25 a daƙiƙa. Honda S2000, mai tafiyar milimita 84 da juyi 9,000, daidai nan ta tsaya. Injinan tseren Formula 1 na 2007 suna kai juyi 19,000, amma tafiyar fistan ɗinsu ba ta cika milimita 40 ba, sai ga su nan ma a wajen mita 25. Abin yana ba ni sha'awa duk lokacin da na sake lissafa shi: motar titi da motar tsere, bango ɗaya suka tarar. Injin namu na doki 400 da tafiyar milimita 81 zai buƙaci mita 38. Kafin ya kai can, kwanrod, wato sandar da ke haɗa fistan da karanshaf mai juyawa, ya ɓula gangar jikin injin, wato bulok, ya leƙo waje. Barewa a juyi 5,000 ba ta cika mita 16 ba, hankali kwance.

Da waɗannan ukun, da kalkuleta ko Google Sheets a wayarka, takarda ta daina karɓar ƙarya mai girma. Ƙananan ƙarairayi dai za ta ci gaba da haɗiyewa. Ba za ta gaya maka man da motar za ta sha ba, ko yadda za ta yi a kwana, ko cewa gefen da ka zana da gaban da ka zana ba za su taɓa haɗuwa a jikin mota ɗaya ba.

Blender: alƙalin siffa

Wannan matsalar ta ƙarshe ita Blender ke warwarewa. Manhaja ce ta gina abu mai tsawo da faɗi da kauri a kwamfuta, wadda Ton Roosendaal, mutumin ƙasar Holan, ya faro a 1994. A 2002 masu amfani da ita suka yi karo-karo na Yuro 100,000 aka fanso ta ta zama ta kowa, tun daga nan kyauta ce. Tana aiki a Windows da Mac da Linux, kuma tun fitowar 2.80 a 2019 ta rage tsoratar da baƙo.

Yadda ake yi: ka ɗauki hoton zanenka na gefe, gaba, baya da sama, ka jera su a ciki, ka fara shimfiɗa ƙananan murabba'ai kamar mai saƙar raga har su rufe jikin motar. Rabi kawai za ka gina, akwai umarnin madubi da ke kwafe shi zuwa ɗaya gefen, akwai wani kuma da ke goge kusurwoyi su zama sumul. A nan ne za ka gane fitilar da ta yi kyau ta gaba ba ta da wurin zama in an leƙo ta gefe, ko kuma tayar gaba in ta juya za ta ci bodi. Sai ka shafa fenti mai sheƙi ka kunna haske, duk wani lotsawa da kumburi ya fito fili kamar aikin mai gyaran bodin da bai ƙware ba. Blender ba ta da kara a wannan fannin.

Farashinta lokaci ne. Motarka ta farko za ta ci makonni, kuma za ta fito kamar sabulun da ya kwana a ruwa. Ta biyu za ta ɗan yi kama da mota. Kana kuma buƙatar linzami mai maɓalli uku, domin da na tsakiyan ake juya kallo, yin aikin da allon taɓawar laftof azaba ce.

Inji fa? Nan Blender kurma ce. Za ka iya gina fistan da kwanrod da karanshaf, ka ɗaure su su riƙa motsi tare gwanin kyau, amma babu wuta a ciki, babu matsi, babu zafi. Injin silinda goma sha shida a cikin a-daidaita-sahu, in ka matse shi ya shiga, ba za ta ce uffan ba. Abin da take da shi wanda Automation ba shi da shi, sana'a ce: wanda ya iya gina mota a Blender ya iya gina gida, kwalbar talla, ko katun, kuma ana biyan kuɗi a kan waɗannan. Manyan kamfanonin mota dai da wasu manhajoji, Alias da CATIA, suke kammala aikinsu, amma idon da ka horar a nan shi za ka tafi da shi can.

Wata 'yar ratse ga wanda ba shi da kwamfuta: yumɓu. Tun zamanin Harley Earl, wanda ya shugabanci sashen ƙawata motoci na General Motors daga 1927, da yumɓu ake sassaƙa siffar mota, kuma har yau ba a daina ba, sai dai nasu na musamman ne da ba ya bushewa. Sukan ma sassaƙa rabin mota su jingina ta da madubi, dabarar da Blender ta ara. Curin yumɓu daga wurin masu ginin tukwane, da guntun madubi, da wuƙa, za su yi maka musun siffa kusan yadda Blender za ta yi.

Automation: inda inji ke mayar da magana

Automation ƙaramin kamfani ne na New Zealand, Camshaft Software, ya yi shi, ya shiga Steam, kasuwar sayar da wasannin kwamfuta ta intanet, a 2015 tun ba a kammala shi ba, ana ta ƙara masa abubuwa. A sunansa wasan gudanar da kamfanin mota ne, amma da yawan masu shi ba ruwansu da kasuwancin, ɗakin gwaji kawai suke shiga su yi ta ƙira.

Da shekara ake farawa, daga 1946 zuwa 2020, kuma shekarar ce ke yanke abin da za a buɗe maka. Ka zaɓi 1985 don Barewa, za ka sami kafireto iri-iri da injekta na farko-farko, amma feshin mai kai tsaye cikin silinda sai ka matsa gaba sosai. Daga nan tsarin silinda: a jere uku, huɗu, biyar ko shida, ko masu siffar V daga shida zuwa goma sha biyu, ko masu kwance suna fuskantar juna irin na Subaru da Porsche. Sai ƙarfen bulok, na zubi mai nauyi da arha ko alminiyam. Sai faɗi da tafiya, sai inda kamshaf, sandar da ke buɗe bawul, zai zauna, a cikin bulok yana tura sanduna ko a sama, ɗaya ko biyu, sai yawan bawul a kowace silinda. Sai irin karanshaf da kwanrod da fistan, matsi, lokacin tartsatsin fulogi, kaurin cakuɗin mai da iska, har faɗin bututun salansa. Kowane ɗaya ka taɓa, zanen ƙarfin murɗa da na doki zai motsa nan take, kuma za ka iya kunna injin ka taka totur ka ji kukansa.

Musun nasa kuwa ba iyaka. Ka ɗaga matsi, wato yadda fistan ke matse cakuɗin mai da iska, don ka sami ƙarfi da tsimin mai, ya gargaɗe ka cewa mai ya fara fashewa da kansa kafin lokaci, wannan ƙwanƙwasar da ake ji in mota tana hawa tudu da babbar giya. Ba shi ne “inji ya buga” da kanikawanmu ke faɗa ba, amma hanyar zuwa can ce. Sai ka zaɓa: ko ka nemi fetur mai oktan da ya fi, wato wanda ya fi jure matsi, ko ka ja lokacin tartsatsi baya, ko ka ƙara mai, ko ka haƙura ka rage matsin. Ga Barewa, da ba mu san man da za ta tarar a hanya ba, matsin 8 da wani abu bisa 1 ya wadatar, kamar yawancin motocin zamaninta, ko da yake na yanzu suna kai 10 zuwa 13. Ka ɗaga iyakar juyi, ya nuna maka fistan da kwanrod sun fara wahala, ko bawul sun kasa rufewa kan lokaci. Ka sa kamshaf mai zafi irin na tsere, dokin ya ƙaru a sama, amma a ƙasa motar ta zama raguwa, ta riƙa shan mai, wato ka kashe ainihin abin da aka yi Barewa dominsa.

A nan ne kuma za ka fahimci dalilin da ya sa silinda huɗu a jere ta mamaye duniya. Inji mai bugu huɗu, wato shaƙa, matsewa, ƙonewa da fitar da hayaƙi, yana kammala zagayensa a digiri 720 na juyin karanshaf, a raba da yawan silinda: huɗu na tashi duk bayan digiri 180, shida duk 120, takwas duk 90. Shida a jere ya fi kowa laushi domin motsin fistan ɗinsa yana kashe girgizar juna, shi ya sa BMW ta riƙe shi. Amma dogo ne. Ka gwada cusa shi a gicciye a gaban ƙaramar mota, wasan zai ce maka bai shiga ba. V6 gajere ne, amma kan silinda biyu gare shi, kuɗi ya ƙaru. Huɗu a jere yana ɗan girgiza, musamman in ya wuce lita 2, amma gajere ne, kansa ɗaya, kuma kowane gareji ya san shi.

In inji ya kammala sai sauran mota: giya nawa da tazararsu, jan gaba ko jan baya, faɗin taya, girman birki, taurin sifirin da shokazoba, tsayin ciki daga ƙasa, kujeru. A ƙarshe wasan ya ba motar maki a sauƙin tuƙi, jin daɗi, aminci, ƙarko da shan mai, ya kai ta gaban masu saye a ƙasashensa na ƙirƙira. Akwai Gasmea ta masu son manyan motoci, akwai Fruinia, akwai Archana inda aljihun masu saye bai da nauyi, can ne Barewa za ta fi samun dangi. Akwai kuma wani maɓallin inganci a kowane sashe da za ka iya ja sama, komai ya gyaru, amma kuɗin ƙira da lokacinta su yi tashin gwauron zabo. Sabon shiga yakan ja duka zuwa ƙarshe, ya fito da tasi mai farashin jirgin sama.

To ina aibinsa? Bodi. Ba kai ke gina shi daga tushe ba, zaɓa kake daga jerin waɗanda aka riga aka yi, ka ja nan ka tura can iyakar yadda aka ba ka dama, sannan ka manna fitilu da ragar gaba da marikin ƙofa. Gwanaye suna fitar da abin mamaki da waɗannan 'yan kayan, akwai kuma ƙarin bodi da masu sha'awa ke ɗorawa kyauta a Steam Workshop, da yawansu a Blender aka gina su. Duk da haka, in siffar da ke kanka ba ta yi kama da komai ba, za ka ji kamar an ba ka rigar wani. Wasan kuma na injin fetur mai fistan ne, mai mafarkin babbar motar dizal ko ta lantarki ba nan ne gidansa ba. Sannan lissafinsa kwaikwayo ne da aka sauƙaƙa, yana koya maka dalilin abubuwa, ba ya mayar da kai injiniya. Turanci ma dole ne, ko da na karanta sunayen kayan inji ne.

Tun 2018 akwai maɓallin da ke tura motarka zuwa BeamNG.drive, wasan tuƙi na wani kamfani da ke Bremen a Jamus. Shi wannan yana ɗaukar mota a matsayin ɗigo-ɗigo da sanduna ke haɗawa, yana lissafa su sau 2,000 a daƙiƙa, shi ya sa take lanƙwasa in ta yi karo. Can za ka hau Barewa ka kai ta hanyar burji. Makin da Automation ya ba ka lamba ce kawai, amma in ka shiga kwana bayan motar ya wuce gabanta, ko ka taka birki a gangara ya yi sanyi, a jikinka za ka ji kuskuren. Sai an gwada akan san na ƙwarai. Motocin da aka turo daga Automation ba sa murƙushewa da kyau kamar 'yan gida na BeamNG, amma wajen tuƙi sun isa su tona asirin mai ƙira.

Aljihu, wuta da data

Nan ne zaɓin da yawanmu zai yanke kansa. Takarda: fensir, magogi, rula. Blender kyauta ce, saukar da ita ba ta wuce 'yan ɗaruruwan mega ba, kuma laftof mai ram giga 8 za ta iya ginin mota, sai dai ta ja lokaci wajen fitar da hoton ƙarshe. Automation da BeamNG kowanne da dala ake sayensa, kana buƙatar katin banki da ke biya a waje, saukar da su giga ne masu yawa, na BeamNG ma gomomi, kuma duk sabuntawa wata datar ce. Dukansu suna son kwamfuta mai katin sarrafa hoto na daban da ram wajen giga 16. Irin laftof ɗin ofis da aka fi samu na hannu, in ma ta buɗe su, za ta riƙa tafiyar hawainiya tana huci, a bazara kuwa sai ka tausaya mata. In aka ɗauke wuta, batirin da ke kai ka awa huɗu a rubutu ba zai yi rabin haka ba.

Dabaru biyu. Steam na yin rangwame babba a tsakiyar shekara da ƙarshenta, jira ya fi gaggawa. Kuma yana mayar da kuɗi in ba a wuce kwana 14 da saye ba kuma ba ka yi awa 2 kana wasan ba, don haka da ka sauke, abin farko shi ne ka gwada ko na'urarka za ta ɗauka. Ka kuma sani tsakanin Blender da Automation da BeamNG babu mai sigar wayar Android ta gaskiya. Duk abin da ka gani da irin sunansu a waya, wani ne ke neman datarka. A waya, ibisPaint ko Sketchbook za su yi maka aikin takarda, iyakarsu ke nan.

Ni dai ra'ayina a fili yake. In abin da ke hana ka barci shi ne me ya sa wannan injin ke kuka haka wancan ke kuka haka, in kana iya tsayawa a gareji ana kwance tof ɗin inji har ka manta da aiken da aka yi maka, Automation ne naka, kuma kada ka sayi BeamNG tare da shi, bari sai ka ƙera motoci biyar ko shida da kake marmarin tuƙawa. In kuwa layin da ya taso daga fitila ya bi gefe har bamban baya shi ke tsayar da kai a titi, kada ka ɓata kuɗinka, wasan zai ƙuntata maka, ka sauke Blender ka ba ta wata uku. Wanda ke fatan abin ya zama abincinsa wata rana, shi ma Blender da fensir, domin babu mai ɗaukar ka aiki don ka iya wasa. Wanda bai san ɓangaren da ya fi so ba tukuna, ko na'urarsa ba ta kai ba, takarda da lissafin nan uku za su riƙe shi shekara guda cur, kuma duk ranar da ya buɗe Automation zai tarar ya riga ya san rabin abin da ke kan allon.

Ko wacce ka ɗauka, kada ka fara da Barewa taka. Fara da motar da ka sani kamar yunwar cikinka, ka sake ƙera ta. A takarda, ka auna Golf ɗin maƙwabcinka da tef, da izininsa, ka mayar da ita 1 bisa 20. A Blender, ka gina ta daga hotuna. A Automation, ka sa 88 da 81, silinda huɗu, bawul biyu-biyu masu sandunan turawa, kafireto ɗaya, ka ga ko dokin da zai fito zai faɗo tsakanin 90 da 100 kamar na 504 ta gaske. In ya ba ka 140, akwai maɓallin da ka ja fiye da kima, koma ka nemo shi.